Amaryar Iya Mulika

A Funtuwa, in ka shiga layin 'yan shadda, ba sai ka tambayi shagon Alhaji Mamuda ba, hancinka zai kai ka. Mutum ne da ya ba sittin baya amma bai sanar da gemunsa ba, don kullum a rine yake baƙi wuluk. Turare kuwa yana fesa shi kamar mai feshin sauro. Ba ya zama a benci sai ya shimfiɗa hankici. An ce ya taɓa fasa zuwa ɗaurin auren abokinsa saboda hadari ya haɗo, da aka yi masa ƙorafi ya ce ai ango yana iya sake aure, amma shaddar da ke jikinsa an daina shigo da irinta.

To, Alhaji Mamuda yana da taubashiya, 'yar kawunsa, Malama Tasalla. Malamar makaranta ce da ta yi ritaya, ta rasa yaran da za ta yi wa faɗa, sai ta zauna ta rubuta littafi. Labarin ƙuruciyarta ne a Shagamu, can ƙasar Yarbawa, inda fataucin goro ya kai mahaifinta da iyalinsa, har da shi Mamuda da kawun nasa yake riƙo. Ta sa wa littafin suna Ruwan Wani Gari.

Ba wanda ya zaci littafin zai wuce ƙofar gidanta. Sai wani gidan rediyo ya ɗauka yana karantawa duk yammacin Lahadi, daga nan fa magana ta bar hannun mai ita. Mata suka sha kuka a wurin da uwar Tasalla ta zagaye kasuwa tana neman kuka da daddawa ba ta samu ba, ta dawo ta zauna gaban tukunyar wata miya mai yauƙi da ba ta san sunanta ba. Tsofaffin fataken goro suka kusa dambe a kan ko rijiyar da aka ambata tana gabas da masallaci ne ko yamma. Wani malamin makaranta ya buga waya ya ce littafin ya yi kyau, sai dai da shi ya rubuta da ya fi haka. Waɗanda suka fi kowa zafin ra'ayi kuwa, kamar yadda aka saba, su ne waɗanda ba su karanta ba kuma ba su saurara ba.

Amma duk wannan sharar fage ne. Abin da ya tashi gari shi ne babi na huɗu.

A babin nan Tasalla ta ba da labarin mai gidan hayarsu, Iya Mulika, wata ƙatuwar mata mai sayar da amala a bakin zaure. Gida ne babba, cike da Hausawa 'yan haya, kuma dokar Iya ita ce duk yaron da ya sauka gidanta sai ya koyi gaisuwa irin ta garin. Namiji ya kwanta rub da ciki, ƙirji a ƙasa. Mace ta durƙusa kan gwiwa biyu ta sunkuyar da kai. Ranar da aka jera sababbin yara, ƙasar zauren ta jiƙe sharkaf da ruwan wanke-wanke da manja. Duk samarin suka zube kamar an sare dawa, ban da wani yaro guda mai farin kaftani. Ya dubi ƙasa, ya dubi kaftaninsa, ya dubi layin 'yan mata. Sai ya taka a hankali ya shiga cikinsu, ya kama bakin rigarsa da kan yatsu ya ɗage, ya durƙusa ya langaɓe kai. Iya Mulika ta yi dariya har ɗankwalinta ya faɗa cikin miya. Daga ranar ta sa masa suna Iyawo, wato amarya, kuma duk safiyar da ya gaishe ta sai ta ƙara masa tsokar nama. Yaron bai sake gaisuwar maza ba har suka bar garin.

Tasalla ba ta faɗi sunan yaron ba. Amarya kawai ta kira shi daga farkon babin har ƙarshe.

Ranar da aka karanta babin, Mamuda yana tsakar gida yana gyaran gashin baki a madubi. Matarsa Asabe ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce, "Kai, Allah ya shirya yaron nan! Alhaji, a gidanku fa aka yi. Ka san shi?"

Ya ce, "Yara da yawa ne a gidan." Ya ci gaba da almakashinsa.

Da farko ya yi niyyar ya haɗiye abin ya mutu da shi. Amma washegari a kasuwa ba a maganar komai sai Amarya. Mai shayi yana kwaikwayon durƙuson. 'Yan mata masu sayen leshi suna cewa ai yaron nan ɗan gaye ne tun asali. Ranar Lahadi wata mata ta bugo gidan rediyon daga Jos ta ce don Allah in Amarya yana da rai a gaishe shi, ya fi mazan yanzu tsafta. Wani ya ce fim ya kamata a yi da shi. Mamuda yana zaune a shago yana jin duk wannan, zuciyarsa tana kumbura kamar ƙullin fanke. Ga suna ya yi tambari har Jos, ga mai sunan a zaune ba wanda ya ko kalle shi. Wannan wane irin zalunci ne?

Amma dattijo mai rinannen gemu ba zai miƙe tsakiyar kasuwa ya ce shi ne amarya ba. Ya kwana biyu yana juya abin, har dabara ta faɗo masa. Mai alfahari ana yi masa dariya, amma wanda aka zalunta kowa sai ya saurare shi.

Da la'asar ya isa majalisarsu ta gindin dalbejiya, ya shimfiɗa hankici, ya zauna, ya ja dogon numfashi. Ba wanda ya tanka, ana musun ƙwallo. Ya sake jan wani, ya haɗa da "Uhm, duniya!" Shiru. Sai a na uku, da ya haɗa da salati, Baba Na'Allah, dattijon majalisar, ya juyo.

"Mamuda, in ciwon ciki ne ga bayan gida can."

"Baba, da ciwon ciki ne ai da sauƙi. Mutuncina aka ci. Jinina, 'yar kawuna, ta ɗauki sirrin ƙuruciyata ta kai gidan rediyo. Yau har Jos ana dariyata. Har Jos, Baba! Wata mata ma cewa ta yi a gaishe ni."

"Wane sirri?"

Mamuda ya rufe fuska da hannu, ya bar 'yar kafa tsakanin yatsu don ya ga yadda maganar za ta sauka. "Ba zan iya faɗa ba. Ku dai kun san babi na huɗu."

Mamuda ya gyara zama yana jiran ihu.

Sai wata murya daga ƙarshen benci ta ce, "Kai kuma a su wa?"

Nomau Direba ne. Wani baƙin ƙato mai jan tirela, wanda shi ma ya yi ƙuruciya a Shagamu, ubansa yana ɗaurin huhun goro. Ya tofar da tsinken sakace ya ce, "Ai an riga an san Amarya. Ni ne. Je ka tasha ka tambaya. Mako guda ke nan ban sayi shayi da kuɗina ba."

Wani ya ce, "Gaskiya ne, har ya sa an rubuta a bayan motarsa. Amaryar Iya, da jan fenti."

Nan fa baƙin cikin Mamuda na wasa ya koma na gaske. Ya miƙe tsaye, babbar riga tana rawa.

"Nomau! Kai Nomau! Tun da uwarka ta haife ka ka taɓa sa fararen kaya? Kai da ko farar hula ka ɗora sai ta nemi saki? Kai ne za ka ƙi kwanciya a ƙasa, kai da har yau a ƙarƙashin mota kake barcin rana?"

"Girma ne ya canja ni."

"Jama'a ku ji min ɓarawo! An saci akuya, an saci babur, yau kuma abin kunyar mutum ake sacewa!"

Baba Na'Allah ya ce, "To ai sai ka gode masa. Ba ka ce an ci mutuncinka ba? Ga wanda ya ɗauke maka kayan."

Mamuda ya ɗan daburce, amma tsohon ɗan duniya ba ya rasa ƙofa. Ya ce, "Baba, ni mutum ne mai tsoron Allah. Ba zan bari a yi wa bawan Allah dariyar da ni na cancanta ba."

Majalisa ta rabu biyu. Masu bin Mamuda suka ce ku dubi hankicin da yake zaune a kai, ai hali zanen dutse. Masu bin Nomau suka ce an taɓa ganin mutum ya ɓata fentin motarsa a kan ƙarya? Daga ƙarshe Baba Na'Allah ya ce mai littafi ce kaɗai za ta raba gardama, kuma ga dama ta zo. Ranar Asabar masu karatu za su taru da ita a zauren taron wata makarantar 'yan mata, 'yan rediyo za su zo, kuma ya ji an ce za a ajiye kujera kusa da ita don Amarya.

Nomau ya ce, "An ma aiko min."

Mamuda bai tsaya jin sauran ba. Ya wuce shago ya zaɓi turmin atamfa mai tsada, ya nufi gidan taubashiyarsa. Ya same ta a tsakar gida tana tsinke zogale, tabarau a kan hanci.

"A'a, bawana ne da yamma haka? Me ka sato?"

"Tasalla, ba wasa ya kawo ni ba. Kin ɓata min suna."

"Wane sunan? Na duba littafin daga bango zuwa bango ban ga Mamuda ba."

"To ai ɓatancin ke nan! Kin bar ƙofa a buɗe, kowane direba yana shiga. Kotu zan kai ki."

"Taubashi ya kai taubashiya kotu? Alƙali zai ce ku je gida ku ci gaba da zagin juna, haka kuka gada." Ta miƙa hannu ta janye atamfar daga hammatarsa, ta duba gefenta. "Wannan fa?"

"Ba cin hanci ba ne. Zumunci ne. Abin da nake so kawai, ranar Asabar ki tashi gaban jama'a ki ba ni haƙuri. Ki kama sunana sosai, Alhaji Mamuda mai shadda, layi na biyu, kusa da masu agogo. Don mutane su san wanda aka zalunta."

"In haɗa da lambar waya?"

"In ba zai zama wahala ba."

Ta tura atamfar ƙarƙashin kujerarta ta ce, "Shekarun da yawa, bawana, ido ya yi rauni. Yaran gidan nan duk sun haɗe min. Ka dai zo ranar Asabar, wataƙila in na gan ku tare in tuna."

Ranar Asabar zaure ya cika har tagogi. Malama Tasalla tana kan dandamali, gefenta kujera guda ba kowa. Masu karatu suna ta miƙewa ɗaya bayan ɗaya. Wata tsohuwa ta ce ita a Kumasi ta yi aure, kuma kukan da uwar Tasalla ta yi gaban tukunya ita ma ta yi shi, sai dai ita a kan fura ne. Wani mutum ya ce shi matsalarsa da littafin ita ce ba a ambaci kakansa ba, alhali ya taɓa kwana a Shagamu a hanyarsa ta zuwa Ikko. Wani bakanike Bayarabe da ya tsufa a Funtuwa ya ce shi ma yana nan tafe da nasa littafin, zai faɗi abin da ya gani ranar da aka fara miƙa masa tuwon dawa da miyar kuka, kuma kada wanda ya ji haushi.

Nomau yana layin gaba cikin wani farin kaftani na aro, hannun rigar ya tsaya masa a gwiwar hannu, maɓallin wuya yana neman agaji.

Mamuda ya bari sai da taro ya yi nisa sannan ya shigo, don a gan shi. Farar shadda ce fat, ta sha sitaci har tana ƙara in ya motsa, hula ta karkace daidai wurin da ya auna a madubi. Turarensa ya riga shi isa dandamali. Bai nemi izini ba ya karɓi makirufo daga hannun mai gabatarwa.

"Jama'a, ni ba mai son magana ba ne." Wani daga baya ya yi tari. "Amma an zalunce ni. Ina zaman zamana, da iyalina, da shagona a layi na biyu kusa da masu agogo, aka wayi gari an mai da ni abin dariya. Yara suna nuna ni."

Wata ɗaliba ta ce, "Baba, wane ne kai?"

Ya yi kamar bai ji ba. "Ni ne yaron babi na huɗu. Na faɗa, Allah ya isa, a ba ni haƙuri in zauna." Ya nufi kujerar da ba kowa.

Nomau ya yi tsalle ya tare shi. "Ƙarya yake yi! Malama, ki gaya musu. Ba ki tuna ni ba? Ɗan gidan mai ɗaurin huhu!"

Zaure ya kaure. Masu cewa Nomau suna yi, masu cewa mai shadda suna yi, 'yan rediyo suna murna don sun samu abin da ya fi littafi. Tasalla ta bari sai da suka gaji, sannan ta ƙwanƙwasa tebur da tabaranta irin na malaman da suka saba da aji.

"Abin ai ba na faɗa ba ne. Baki yana ƙarya, amma jiki ba ya manta abin da ya saba. Ga ni nan, ku ɗauka ni ce Iya Mulika, gari ya waye. Kowa ya zo ya gaishe ni."

Nomau ya fara. Ya tako da ƙarfi kamar zai duba taya, ya tsuguna a kan dugadugansa, ya dunƙule hannu ya jinjina, ya ce, "Ranki ya daɗe!" Kaftanin aro ya ce ɓaras daga baya.

Zaure ya ɗauki ihu. "Ba haka ba ne! Ba haka aka rubuta ba!" Tsohuwar Kumasi ta ce wannan ai gaisuwar 'yan tasha ce. Nomau ya ja da baya yana riƙe da bayan riga.

Saura Mamuda. Sai a lokacin ya gane ramin da aka haƙa masa. Ya durƙusa wa Tasalla? Tasallar da ya girme ta, wadda tun suna yara take kiransa bawa? A gaban 'yan rediyo, ga wayoyi sun yi sama kamar masara? Ya dubi dandamalin, ba a share shi da kyau ba. Ya dubi shaddarsa. Sannan ya dubi kujerar, ya hango Nomau yana matsawa kusa da ita a hankali da yagaggen kaftaninsa.

Ya ce a ransa, in za ka sha giya sha ta dubu.

Ya ja baya taku kaɗan don a samu fili. Ya kama bakin babbar riga da kan yatsu, hagu da dama, ya ɗage ta daidai ƙauri. Ya tako a hankali, ƙafa na bin ƙafa. Ya sauka kan gwiwa biyu ba ko ƙara, kamar an ajiye ƙwai. Ya langaɓe kai gefe guda, ya sauke ido ƙasa, ya siranta murya ya ce, "Ekaro, Iya."

Zauren ya kusa rushewa. Mata suna guɗa, ɗalibai suna buga tebur, bakaniken nan ya cire hula yana share hawaye yana cewa wallahi ko a garinsu yanzu ba a samun irin wannan tarbiyya. Mamuda ya ci gaba da zama a durƙushe, yana shan tafin nan kamar rake. Ya ma ɗan juya fuska wajen masu ɗaukar hoto, ta gefen da ya fi masa kyau.

Da tafi ya fara lafawa, ya ce bari ya miƙe ya karɓi kujerarsa. Ya yunƙura. Gwiwa ta ce ba da ita ba. Ya sake yunƙurawa, tumbi ya rinjaye shi gaba, ya dafa ƙasa da hannu biyu, hular da aka auna a madubi ta gangaro ta tsaya a ƙafar Tasalla. Ya gwada ta hagu, ya gwada ta dama. Shadda tana ta ƙara, mai shadda yana nan inda yake.

Mai gabatarwa ya matso da makirufo ya ce, "To Malama, jama'a suna jira. Shi ne?"

Mamuda ya ɗago kai, gumi yana wanke rinin gemu zuwa wuyan farar riga. Ya miƙa mata hannu, ya ce ƙasa-ƙasa, "Ke, kama ni mana! Kama ni, ki gaya musu."

Tasalla ta mai da tabaranta kan hanci, ta leƙo shi daga sama har ƙasa, ta karɓi makirufo.

"Jama'a, ku yi haƙuri, a ci gaba da cigiya. Amaryar da na sani, in ta gama gaisuwa da kanta take tashi."